Wa Zai Sa Sunan Ɗalibi A Takardar Haraji? Kuɗin Da Gidajenmu Na Amurka Ke Bari A Hannun Gwamnati

Duk shekara, Janairu na ƙarewa, takardu biyu kan fito da sunan kowane ɗalibin jami'a da ya ɗan taɓa aiki a nan Amurka. Ɗaya daga wurin aikin take zuwa, ita ce W-2, mai nuna abin da aka biya shi da abin da aka yanke masa na haraji. Ɗayar daga makaranta take, 1098-T, mai nuna kuɗin karatun da aka biya da tallafin da aka ba shi. Ta farkon yara ke ɗoki, domin ita ke cewa akwai 'yan canjin da gwamnati za ta maido musu. Ta biyun kuwa, wadda ta fi ta farko daraja nesa ba kusa ba, galibi ko kallonta ba a yi. Makarantu da yawa ma sun daina aiko ta ta gidan waya, a shafin ɗalibi na intanet suke ajiye ta, wurin da uba ba ya leƙawa.

A unguwar Bronx ta birnin New York nake zaune, lissafin kuɗi ne sana'ata, kuma daga Fabrairu zuwa Afrilu nakan taya 'yan'uwa cike takardun haraji. Direbobin tasi ne, da mata masu kula da tsofaffi a gidajensu, da masu kitso, da masu shagon kayan Afirka. Wasu 'yan Kano da Zariya, wasu 'yan Yamai da Maraɗi, da yawa kuma 'yan zangon Kumasi da Nima. Mutane ne da suka san zafin nema. Shi ya sa yake min ciwo in ga wanda ya kwana yana tuƙi don ya biya wa 'yarsa kuɗin makaranta ya bar dala dubu biyu ko uku a hannun gwamnati, kuɗin da doka ta ce nasa ne, don kawai ba a zauna an yi magana a gida ba.

Ga mai karatu na gida, tsarin haraji a nan ya sha bamban da wanda aka saba. Wurin aiki yana yankar haraji daga albashi duk shekara, amma wannan yanka na wucin gadi ne. Kowane mai samu shi zai zauna ya lissafa abin da ya hau kansa, ya cike fom mai lamba 1040, ya aika wa hukumar tara haraji ta IRS kafin 15 ga Afrilu. In an yanke masa fiye da kima a maido masa, in bai kai ba ya cika. A cikin wannan fom ne mutum yake jera waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsa, kowa da lambar shaidarsa ta gwamnati da muke ce wa soshiyal. Kuma wanda wani ya riga ya sa, ko wanda ya rubuta a tasa takardar cewa ba ya ƙarƙashin kowa, ba a sake sa shi a wata takarda a wannan shekarar.

Ga yadda abin ya fi faruwa. A ce yarinya ce 'yar shekara 19, tana shekarar farko a jami'a. Ta yi aiki a kanti lokacin dogon hutu ta samu dala 6,000, an yanke mata dala 300. Ƙawaye suka nuna mata manhajar cike haraji a waya. Manhajar ta tambaye ta ko akwai wanda zai iya sa ta a takardarsa. Ita a ganinta ai ta girma, tana aiki, ita ke saya wa kanta takalmi da katin jirgin ƙasa, sai ta danna a'a. Bayan 'yan makonni mahaifinta ya zo da nasa takardun, muka cike, muka aika, na'urar IRS ta dawo da su nan take: an riga an yi amfani da lambar yarinyar.

"Alhaji, yarinyar nan ta riga ta yi nata ne?"

"Wane nata kuma? Ai yarinya ce."

A kira ta a waya, ta ce, "Baba, wallahi ban san zai shafe ku ba."

Gaskiyarta, ba ta sani ba. Abin takaicin shi ne dala 300 ɗin nan da ta yi wa gaggawa, ko da ta amsa cewa mahaifinta zai sa ta, za a maido mata da su cif, tunda abin da ta samu bai kai a ɗora mata haraji ba. Amma da wannan a'a guda ta toshe wa gidansu rangwamen karatu na dala 2,500, da wani na dala 500 da ake ba mai ɗauke da babban yaro. In gidan masu ƙaramin ƙarfi ne, har tallafin da ake ba ma'aikata masu ƙaramin albashi yakan ragu, domin ɗalibin da bai kai 24 ba ana ƙirga shi cikin 'ya'ya a can ma. Ita kanta kuma ba za ta ci rangwamen karatun ba, saboda dalilin da zan zo kansa.

Ana gyarawa. Yarinyar za ta cike fom ɗin gyara, 1040-X, uban kuma ya aika nasa ta gidan waya, ko ya nemi lambar sirri ta kare kai daga IRS wadda tun 2025 take ba da damar aikawa ta intanet ko da an riga an yi amfani da lambar yaron. Sai dai kuɗin da aka sa rai da su a Maris don biyan haya ko kuɗin zango na gaba sai su ɗauki watanni.

Ni ban ɗora laifin a kan yaran kaɗai ba. A gidajenmu uba ba ya zama da 'ya'yansa ya buɗe musu abin da yake samu, yaro kuma yana jin nauyin tambaya. Wannan kunya tarbiyya ce, ina girmama ta. Amma dokar ƙasar nan ta ɗaure takardar uba da ta ɗa wuri guda, abin da ɗaya ya rubuta yana taɓa aljihun ɗayan. Ba sai uba ya faɗi albashinsa ba. Ya isa ya ce, "Kada ki aika komai sai mun zauna."

To yaushe ne doka ta yarda iyaye su sa ɗalibin jami'a a takardarsu? Da farko shekaru: kada ya kasance ya cika 24 a ranar 31 ga Disamba ta shekarar da ake lissafi. Sannan ya kasance cikakken ɗalibi a cikin watanni biyar na shekarar, ba lallai a jere ba, kuma ko kwana kaɗan ya yi a wata ana ƙirga watan. Wanda ya kammala digiri a Mayu ya cika biyar ɗin, daga Janairu zuwa Mayu. Ana kuma so ya zauna tare da kai fiye da rabin shekara, amma zaman ɗakin kwanan ɗalibai ba ya ɓata wannan. Yaron da ke karatu a Buffalo iyayensa na Bronx, doka na ɗaukarsa kamar yana gida, tafiyar karatu ce ya yi. Ba ɗan cikinka kaɗai ba: agola, jika, ƙane ko ƙanwa, ɗan wa ko ɗan ƙane, duk suna shiga in a hannunka suke zaune kuma ka girme su. 'Yar da aka aurar tana tsakiyar karatu kuwa, in ta haɗa takarda da mijinta, galibi ta fita daga ta mahaifinta ke nan, ko da shi ke ci gaba da biyan kuɗin makarantar.

Sharaɗin da ya fi rikita mutane shi ne na ɗawainiya. Da yawa sun ɗauka yaro na fara aiki shi ke nan ya fita daga hannunsu. Ba haka ba ne. Ga ɗalibin da bai kai 24 ba, doka ba ta sa iyaka kan abin da zai samu ba. Abin da take tambaya shi ne: shin shi ya ɗauki fiye da rabin ɗawainiyar kansa? A haɗa kimar ɗakin da yake kwana, da abinci, da sutura, da magani, da kuɗin mota, da kuɗin makaranta, a raba biyu. In abin da ya kashe wa kansa daga aljihunsa bai wuce rabi ba, yana nan a ƙarƙashinka. Yaro zai iya samun dala 15,000 ya adana mafi yawansu a banki, kuma mahaifiyarsa ta sa shi a takardarta ba tare da ta karya doka ba. Tallafin karatu da makaranta ko gwamnati ta ba shi ba a ƙirga shi a matsayin abin da ya yi wa kansa. Amma rancen karatu da ya ci da sunansa ana ƙirgawa, tunda shi zai biya. Gidajen da ke gudun bashi mai kuɗin ruwa, suna haɗa kuɗin makaranta da adashe da taimakon dangi, ba su cika cin karo da wannan ba. Wanda ɗansa ya ciwo rance mai yawa kuwa, to ya ɗauki biro ya yi lissafi kafin ya sa sunan.

Da zarar yaro ya cika 24, ma'auni ya canza. Sai in kai ka ɗauki fiye da rabin ɗawainiyarsa, kuma abin da ya samu a shekara bai kai wani ɗan ƙaramin adadi ba, wanda a harajin 2025 dala 5,200 ne.

Yanzu ga rangwamen kansa. Akwai bambanci tsakanin abin da ke rage kuɗin shigar da za a lissafa haraji a kai, da abin da ke zaftare harajin kansa dala da dala. Rangwamen karatu na kashi na biyu ne, shi ya sa yake da tsoka. Iri biyu ne. Babban shi ne wanda ake taƙaita sunansa da AOTC. Ya samo asali daga rangwamen Hope na 1997, zamanin shugaba Clinton. A 2009, cikin dokar farfaɗo da tattalin arziki ta shugaba Obama, aka faɗaɗa shi aka sake masa suna, a ƙarshen 2015 kuma majalisa ta mayar da shi na dindindin. Lissafinsa ba wuya: dala 2,000 na farko da aka kashe a karatu ana ba ka su gaba ɗaya, dala 2,000 na biyu a ba ka kashi ɗaya cikin huɗu. Wato wanda ya kashe dala 4,000 ya samu dala 2,500, kuma a kan kowane ɗalibi ne. Mai 'ya'ya biyu a jami'a zai iya samun dala 5,000. Kashi 40 cikin ɗari na rangwamen, har zuwa dala 1,000, ana ba mutum a hannu ko da ba a bin sa harajin ko sisi. Ragowar dala 1,500 sai mai harajin da za a zaftare. A nan ina da ja da dokar: mai kitson da samunta bai kai a ɗora mata haraji ba, ita ta fi kowa buƙatar kuɗin, ita kuma aka ba mafi ƙanƙanta.

Wannan kaso na hannu shi ne yara ke hange har su ce bari su cike da kansu. To doka ta riga ta rufe wannan ƙofa. Cikakken ɗalibin da bai kai 24 ba, wanda abin da ya samu da guminsa bai kai rabin ɗawainiyarsa ba, kuma ko ɗaya daga iyayensa na raye, ba a ba shi dala 1,000 ɗin. Sauran rangwamen kuma ba shi da harajin da zai zaftare da shi. Ya hana iyayensa, shi ma bai samu ba.

AOTC na shekara huɗun farko na karatun gaba da sakandare ne, ga mai neman digiri ko wata takardar shaida da aka amince da ita, wanda ke ɗaukar aƙalla rabin darussan cikakken ɗalibi, kuma ba a taɓa yanke masa hukunci kan babban laifin ƙwayoyi ba. Kuɗin da ake ƙirgawa su ne na karatu, da kuɗaɗen dole na rajista, da littattafai da kayan aikin da darasi ke buƙata, ko a ina aka saye su. Don haka a riƙa adana rasit. Kuɗin ɗakin kwana, abinci, mota da inshorar lafiya ba sa ciki, duk da su ne sukan fi cin aljihu. Wani sauƙi da mutane ba su sani ba: in kai ka sa yaron a takardarka, duk abin da aka biya masa kamar kai ka biya, ko shi ya biya daga aikinsa, ko kawunsa na Houston ne ya tura wa makarantar, ko rance aka ci.

Ƙaramin rangwamen shi ne Lifetime Learning, na karatun da ba shi da iyakar shekaru. Kashi 20 cikin ɗari ne na dala 10,000 na farko, wato bai wuce dala 2,000 ba, kuma a kan takarda ɗaya ne komai yawan ɗaliban gidan. Ba a ba da ko kwabo daga cikinsa a hannu. Amfaninsa shi ne yana karɓar mai digiri na biyu, da wanda ya cinye shekarunsa huɗu, da magidancin da ke ɗaukar darasi ɗaya da yamma don ya samu takardar aikin jinya. Ba a haɗa su biyun a kan ɗalibi ɗaya a shekara ɗaya. Duka biyun a fom 8863 ake nemansu, duka biyun kuma sukan fara raguwa in samun mutum ɗaya ya wuce dala 80,000 su ƙare a 90,000. Ga mata da miji masu takarda ɗaya, daga 160,000 zuwa 180,000. Likitocinmu da injiniyoyi da suka haura wannan, wani lokaci ya fi musu su bar sunan yaron, in yana da harajin kansa da rangwamen zai zaftare. Ma'auratan da kowa ya cike tasa daban kuwa, su duka biyun sun rasa.

Akwai dabara biyu da ke cikin doka sarai, amma sai mai lura. Ta farko: karatun shekara huɗu yakan ratsa shekarun haraji biyar, tunda a Agusta ko Satumba ake farawa a gama a Mayu. AOTC kuwa sau huɗu kawai ake ba da shi. Sai a zaɓi shekarun da aka fi kashe kuɗi. Kuma da ranar biya ake lissafi: kuɗin zangon Janairu da aka biya a Disamba na tsohuwar shekara ne. In ka riga ka cika dala 4,000 a bana, kuma makaranta ta ba da dama, jinkirta biyan zuwa Janairu zai iya zama riba. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan shawara a Disamba ake yanke ta.

Ta biyu ta shafi masu ƙaramin ƙarfi. Yaran gidajenmu da yawa suna samun tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda mafi yawansa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ya kai dala 7,395. A 1098-T, akwati na 1 shi ne abin da aka biya, na 5 shi ne tallafi. In tallafin ya cinye kuɗin makarantar, sai a ce ai ba abin da za a nema. Amma Pell ana iya kashe shi a haya da abinci. Doka ta yarda ɗalibi ya ce dala 4,000 daga ciki a nan ya kashe su, ya rubuta su cikin kuɗin shigarsa, wanda hakan ke mayar da dala 4,000 na kuɗin makaranta abin da gida ya biya. Harajin da zai hau kan yaron sau da yawa kaɗan ne ko babu, iyaye kuma su samu rangwamen. Ba kowane tallafi ke karɓar wannan ba, wanda aka ce na kuɗin karatu ne kaɗai ba a juya shi. Kada a yi shi da ka, a kai wa wanda ya san aikin.

Tambayar da ba na rabuwa da ita ita ce ta 'yan gida. Mutum ya ce, "Malam, ni ke biya wa 'ya'yan yayana uku a Jami'ar Bayero, ni ke ciyar da tsohuwata, me ya sa ba zan sa su ba?" Ladansa na wurin Allah, amma IRS ba ta karɓa. Wanda za a sa dole ya zama ɗan ƙasar Amurka, ko mazauninta a idon dokar haraji, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Ina ganin wannan bai yi wa baƙi irinmu adalci ba, domin nauyin da muke ɗauka na gaske ne. Sai dai haka dokar take. Ita ma makarantar sai ta kasance cikin waɗanda ma'aikatar ilimi ta Amurka ta amince su shiga shirinta na tallafin ɗalibai, don haka wanda ya mayar da ɗansa haifaffen nan karatu gida ya fara duba sunan makarantar a jerin ma'aikatar. Ɗalibanmu da suka zo da bizar karatu ta F-1, a shekarunsu biyar na farko galibi ba a ɗaukarsu mazauna. Fom 1040-NR ne nasu, kuma rangwamen nan ba nasu ba ne, ko da makaranta ta ba su 1098-T, ko da manhajar waya ta nuna musu dala 1,000 tana jira. Sannan dokar da shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ƙara tsauri: daga harajin 2026, sai da lambar soshiyal ake samun rangwamen karatu, lambar ITIN da IRS ke ba wanda ba shi da soshiyal ba ta wadatarwa.

Kada kuma a haɗa wannan da fom ɗin neman tallafi na FAFSA ko inshorar lafiya. Kowanne da dokarsa. Cire yaro daga takardar haraji ba ya sa FAFSA ta daina tambayar samun iyayensa, kuma yaro na iya zama a inshorar iyaye har ya kai 26 ko an sa shi ko ba a sa ba.

Akwai abin da dole in faɗa ko da zai ɓata wa wasu rai. Ana aron yara a cikinmu. Wani ya ba wani sunan ɗansa da lambarsa, a raba abin da ya fito. Akwai kuma masu cike haraji na bayan shago da ke cusa rangwamen karatu a takardar mutumin da rabonsa da aji tun yana gida, su karɓi kasonsu, su ƙi sa hannu. Wannan cin haram ne, kuma makarantu suna aika wa IRS kwafin kowace 1098-T. In an kama, mai takarda ne zai maido da kuɗin da ruwa da tara, mai shago ya yi gaba. Ana hana mutum AOTC shekara biyu in ganganci ya yi, shekara goma in zamba ce. Mai shirin neman zama ɗan ƙasa kuma ya tuna ana tambayar tarihin harajinsa. Duk wanda ya karɓi kuɗinka don ya cike maka, doka ta wajabta masa ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta masu cike haraji, wato PTIN. In ya ƙi, tattara takardunka ka tashi. Masu ƙaramin samu ma ba sai sun biya kowa ba: shirin VITA na IRS yana da 'yan sa-kai da aka horar, a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa, kyauta suke yi.

Roƙona ga iyaye shi ne, kafin Janairu ta ƙare ku kira yaran, ku ce su sauko da 1098-T daga shafin makaranta, su haɗo da bayanin asusunsu na makarantar da rasit ɗin littattafai, kuma kada kowa ya aika komai sai an yanke wanda zai sa sunan wa. Ku kuma ɗalibai, ku kuka fi iya Turancin fom ɗin nan, ku zauna kusa da Baba ko Umma ku karanta musu. Wanda ya gane yanzu cewa ya bar kuɗinsa a shekarun baya, ƙofa ba ta rufe ba tukuna: doka ta ba shi shekara uku daga lokacin da ya shigar da takardar ya cike 1040-X ya nemi haƙƙinsa.